Bokiti a Gaban Tarakta

Tun da ciwo ya taɓa masa hannun dama, tsohon ya daina iya riƙe cebur, kuma ko a mafarki bai yarda ya faɗa wa kowa ba. Yatsun suna nan, amma ba sa damƙa. Taki ya taru a garke har shanu suna nutsewa. Babbar 'yarsa, wadda ba ta magana biyu, ta ce in wata ya ƙare bai iya kwashewa da kansa ba, za a sayar da shanun ya dawo ɗakinta ya zauna. Shi kuwa gara masa komai da zaman kallon bango.

Mijin ƙanwarsa mai walda ne, mutum mai surutu kamar rediyo. Shi ya ce a kawo tsohuwar taraktar gonar tsohon ya ƙera mata bokitin kwashe taki a gaba. Sati uku yana yanka ƙarfe, yana auna hannuwan da za su ɗaga bokitin, yana jan tiyon mai daga fanfon taraktar. Kullum tsohon yana kan benci a rumfar waldar, ya tura hannun dama cikin aljihu, yana kushe aikin don kada a gane fargabarsa. Ya san sandar da ake ja bokiti ya tashi a dama ake sa ta. Kowace tarakta haka take. Sau biyu ya buɗe baki zai yi magana, girman kai ya rufe masa shi.

Ranar gwaji 'yar ta zo ta tsaya ta harɗe hannuwa. Tsohon ya hau da ƙyar, ya duba dama bai ga komai ba. Sandar tana hagu, daidai gwiwarsa. A jikin sitiyari kuma an ɗaura wani ƙulli mai faɗi da aka naɗe da roba, wanda tafin hannu zai iya turawa ba sai an damƙa ba.

'Yar ta tambayi dalilin da aka sa sandar a baibai.

"Kuskurena ne," in ji mai walda, yana goge hannu da tsumma. "Tiyon ne bai kai ba. Yaya, sai ka yi haƙuri ka saba da hagun."

Tsohon ya ga ragowar tiyon a naɗe a ƙarƙashin kujera, ya fi kamu uku.

Ya ja sandar. Bokitin ya nutsa cikin tulin yashin da ke bakin rumfar, ya cika, ya tashi sama da rufin kwano. Ya juye, ya sake, har sau huɗu. 'Yar ta sauke hannuwanta, ta ce to, shanun su zauna.

Da ta tafi kawo mota, ya kashe injin ya daɗe bai sauko ba. Godiya ta cika masa ciki har ya rasa ta inda zai fara, shi da bai taɓa yabon mutumin nan ba shekara talatin.

"Tun yaushe ka sani?"

"Na san me, Yaya?" Mai walda ya miƙo masa kafaɗa. "Dafa nan ka sauko, matakin yana da santsi."