Ragon Suna a Bayan Mota

Ƙofar bayan tsohuwar motar Abdulhamid tana da halinta: sai ka doke ta da gwiwa, ka ɗaga hannun, sannan ta buɗe in ta ga dama. Yau kuwa da ya tsaya a gidansu a Ƙofar Jatau, ta ƙi sam. Ragon sunan 'yarsa ta fari na ciki a ɗaure, rana ta take, bayan motar ba taga, kuma shi da kansa ya sa aka toshe bayan kujerar direba da ƙarfe saboda ɓarayin kaya.

Ya doka, ya ɗura baƙin mai a ramin makulli, ya sake dokawa. Numfashin ragon ya koma kakari.

Wansa Jamaluddeen ya fito da wuƙa. "Ko 'yar kafa ka samar mini in yanka shi, kada ya zama mushe."

Bahago makanike ya zo, ya ja hannun yana kasa kunne. "Wayar ce ta zame, Malam. Ta ciki ake gyara ta."

"To ta ina za a shiga?"

"Sai ka tambayi ragon, shi ke ciki."

Aka ruga wajen mai walda, aka tarar ba wuta. Kafin a samo ƙarfen da za a ɓalle ƙofar, motsin ragon ya ɗauke.

Abdulhamid ya jingina da ƙofar. Sai ya ji ƙas, ta buɗe da kanta. Jamaluddeen ya taɓa idon ragon, bai ƙifta ba. Ya mayar da wuƙarsa kube.

Daga cikin gida aka aiko tambaya ko a jiƙa wa ragon dusa.