Sunkuye a Kan Keke

"Gadon ne ke kashe shi, ba keken ba," in ji Eliécer, yana nuna keken tseren ɗansa da aka rataye a jikin rufin ɗaki.

Marleny, babbar 'yarsa, ba ta ɗago daga firar dankali ba. Ta ce ita dai a saninta shanu uku yake tatsa, ba ta ji ranar da ya zama likita ba. Ya ce idonsa ya ishe shi. Yaro in ya kwanta rigingine sai nishi, in ya duƙa a kan keke sai ciwo ya ɗauke. Wane karatu ake nema a nan?

Duván, ɗan nasa, na jin su daga bakin murhu. Shekararsa goma sha takwas. Yana zaune a sunkuye, ƙirji a kan gwiwa, ruwan mazarƙwailarsa ya huce a kofi. Sau biyu ana soka masa allura a asibitin Tunja, ana zuƙe ruwan da ya taru a jakar da ta lulluɓe zuciyarsa. Kowane karo likita kan ce wata uku ba tsere, ba hawan dutse. Kowane karo yakan yi wata guda, ya ji garau, ya koma atisaye. Yanzu sukar ta dawo ƙarƙashin ƙashin ƙirji. Kuma ranar Lahadi wata ƙungiyar tseren keke za ta zaɓi matasa huɗu, baɗi shekarunsa sun wuce.

Marleny ta maimaita abin da likita ya faɗa a gabanta: sunkuyo yana rage zafin ne kawai, ruwan na nan yana ƙaruwa. Uban ya ce likitan bai taɓa hawa duwatsun nan na Boyacá da ƙafarsa ba.

"Baba, ka sauko min da keken," in ji Duván.

"Kai kuma auta, ba ka da hankali ne?" in ji Marleny.

Bai kalle ta ba. Ya bar makaranta saboda wannan keken. Bai iya komai ba sai shi.

Uban ya sauko masa da keken, ya hau ya gangara. Gangaren ya yi masa daɗi. Ya kwanta a kan kan keken, iska mai sanyi na dukan fuskarsa, gonakin dankali na wucewa. Ba suka, ba nishi. Daga sama ya jiyo uban yana kiran sunansa da irin muryar ranakun tsere. Har ya fara tunanin ko tsohon ne ke da gaskiya.

A gada ya juya. Gida na can sama, kilomita biyu, hawan da yake yi yana fito tun yana ɗan shekara goma. Kwana ta farko ya wuce. A ta biyu numfashi ya ƙi shiga, kamar an ɗaure ƙirjin da igiya ana ja. Ya sa ƙafa ƙasa. Ya yi ƙoƙarin miƙewa, sukar ta haura har kafaɗa, ya koma ya duƙa. Wata tsohuwa da jakinta ɗauke da garwar madara ta wuce shi, ta gaishe shi, ta tambayi lafiyar gida.

Marleny ce ta fara isowa, da gudu, wuƙar fira na hannunta ba ta sani ba. Uban na biye a hankali. Da ya iso sai ya cire bargon ulun da ke wuyansa ya yafa wa ɗan, ya riƙe sirdin keken don kada ya faɗi.

Marleny ta ce za ta tare motar madara ta kai su Tunja. Duván ya gyaɗa kai, goshinsa a kan ƙarfe, yana kallon kwalta.

"Yaya," ya ce, da ƙyar. "Likitan ya faɗa miki sau nawa ake iya zuƙe ruwan?"