Rubutun da ke Tafin Hannun Auta

Sun kori Auta daga jami'a a shekararta ta ƙarshe, wai ta yi satar amsa. Auta 'yata ce, haɗa magunguna take karanta, kuma ita kaɗai ta yi nisa a boko a gidanmu. Ni ko bihim ban sani ba, amma na san zalunci idan na gan shi.

Ga yadda aka yi. Ranar jarrabawar, da safe hawan jinina ya tashi, ta raka ni asibiti. Likita ya sauya mini magunguna, yana faɗa da sauri kamar ana korarsa. Auta ta ce, "Inna, na riƙe." Na ce ta rubuta dai. A gidanmu abu mai muhimmanci a tafin hannu ake rubuta shi, don takarda ɓata take yi, hannu kuwa yana tare da kai. Ta ari biro ta rubuta, ta sa ni a mota, ta ruga makaranta. A ɗakin jarrabawa mai sa ido ta ga tawada, ta ɗauki hoto, ta karɓe takardarta.

Tun da hukuncin korar ya fito Auta ta kulle kanta a ɗaki. Ba kuka, ba magana. Sai na zuba kwalayen maganin a leda na tafi jami'ar da kaina.

Sakataren kwamitin ladabtarwa yaro ne matashi, wuyansa ɗaure da igiyar nan ta 'yan boko. Ya ce, "Mama, iyaye ba sa ɗaukaka ƙara. Ɗalibar ce za ta zo."

Na ce, "Da ake neman mai sa hannu ranar da ta shigo, babban yatsana kuka dangwala. Ran nan ina da amfani?"

Na zauna a bencin ƙofarsu. Ana buɗewa a same ni, ana tashi a bar ni. Mai shara ta fara cewa in ɗaga ƙafa, daga baya ta koma share gefena kamar wata tukunyar fulawa. Da suka gaji da ganina suka ce in shigo.

Ɗaki ne mai sanyi, da dogon tebur. Shugaban kwamiti dattijo ne mai furfura, gefensa malamin da ya tsara jarrabawar, sai matar da ta kama Auta. Ban jira an ba ni kujera ba, na juye ledar a gabansu.

"Ku fito da hoton. Ku duba ɗaya bayan ɗaya. In akwai abin da ke hannunta da ba ya cikin kwalayen nan, ni ku ɗaure."

Suka duba. Dattijon ya daɗe yana juya kwali. Ya ce, "Gaskiyarki, Iya. Duk sun yi daidai."

Zuciyata ta yi sanyi. Har na fara tunanin yadda zan buga mata ƙofa in faɗa mata.

Sai malamin ya ɗauki ƙaramin kwalin, farin nan na safe. Ya ce a hankali, "Wannan ya fito a jarrabawar. An tambayi adadin da ake ba babba. A hoton tawadar ta caɓe, ba mu iya karanta layin ba. Yanzu mun gane."

Na ce, "To, kai ka aiko mini da ciwon? Ko ita ta san abin da za ka tambaya?"

Dattijon ya ce, "Ba mu ce ta yi niyya ba. Doka ba ta tambayar niyya. Rubutu a jiki laifi ne. In bai shafi darasin ba, mukan sassauta zuwa dakatarwa. Da shi nake nufin taimaka mata. In ya shafa, hannunmu a ɗaure yake."

Wato da ƙafata na kawo musu abin da suka rasa.

Na dubi matar. "Ke ba ki da uwa? Ba ki iya cewa je ki wanke hannu ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Da na yi haka, Mama, ni za a kora."

Sakataren ya fara tattara mini kwalayen. Na ce ya bar su. "Ku sha. Ku ne marasa lafiya."

Da na isa gida na tarar da ƙofar Auta a buɗe. Tana tsaye da kofin ruwa, ta rame, idanu sun faɗa. Ta ce, "Inna, ina maganinki? Lokaci ya wuce."

Na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta saurara har ƙarshe. Ta ajiye kofin, ta sa takalmi za ta je kemis.

Na ce, "Kin tuna sunayensu?"

Ta jero mini su duka, da adadin kowanne, ba ta ko numfasa ba. Sannan ta fita.

Gobe zan koma kan bencin. An ce akwai wani ofis sama da nasu.