Faɗin Makara

Ya Kolo ta dasa kujerarta 'yar tsugunno a tsakiyar ramin da magina suka fara haƙa, ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta gitta sandarta a cinya. Birkila ya tsaya riƙe da igiyar awo yana kallonta, leburori suka jingina da shebur suna dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce musu su ci gaba da aikinsu, ita ba ta hana kowa neman abincinsa ba, amma duk wanda zai zuba kankare a wurin nan sai dai ya zuba a kanta.

'Yar'azumi mai fura, wadda katanga ɗaya ce ta raba gidanta da na tsohuwar, ta baro dakanta ta fito da gari a hannu. Ta san za a yi haka. Tun ranar da aka kafa turakan awo Ya Kolo ta daina barci sosai, kullum tana mita da Hausa, idan abin ya kai mata wuya ta juya shi Barbarci.

Lungun nasu tsohon lungu ne na masunta, can kusa da jingar da ke tare ruwan kogi a Haɗeja. Tun da ambaliya ta riƙa koro mutanen ƙauyuka cikin gari, ɗakin haya ya zama abin nema ido rufe, kuma masu kuɗi ba su makara ba. Wani dillali mai suna Ari, mutum mai bakin da zai sayar maka da rigar da ke jikinka, ya bi gida-gida yana lallashi har ya haɗa wa Alhaji Mukhtar gidaje uku a bakin lungun. Aka rushe su za a tayar da benen haya. Ba wanda ya hana, kowa da haƙƙinsa. Abin da ya ɓata lamarin shi ne igiyar awo ta shigo ta cinye kwanar lungun, daidai inda hanya ke lanƙwasa kafin ta kai gidajen da suka rage a ciki.

A unguwar kuwa, tun kakanni, ba da igiya ake auna lungu ba. Duk wanda zai yi gini a gefen hanya, sai a ɗauko makara daga masallaci, maza huɗu su saɓa ta su bi ta wurin. In ta wuce ta sha kwana ba ta gogi komai ba, a kafa harsashi. In ta gogi turke, a matsa da turken. Mai kuɗi da talaka duk haka aka yi musu, domin kowa ya san wata rana ta nan za a bi da shi.

Da aka kira Alhaji Mukhtar ya zo da kansa, kuma gaskiya bai yi rashin kunya ba. Ya durƙusa ya gaida Ya Kolo. Ya ce yana da takardar awo, iyakar wurinsa ya tsaya, kuma shi ba zai yarda a zagaya masa da makara a sabon gini ba, wa zai kama haya a gidan da aka buɗe da makara? Ya ce in ta amince ya sayi nata gidan ma, ya nema mata wani a bayan gari mai famfo da lantarki.

"Alhaji," in ji Ya Kolo, "ta kwanar nan aka fitar da mijina. Ta nan aka fitar da 'ya'yana biyu. Ni ma ta nan zan fita, a kwance a miƙe, kamar kowane Musulmi. Famfonka ka ba mai ƙishirwa."

Ranar dai magina suka tattara kayansu. Aiki ya tsaya, 'Yar'azumi ta yi ta ba da labari a wurin sayar da fura, har tana kwaikwayon yadda Ari ya riƙa share gumi da hula.

Sai ciwo ya kwantar da tsohuwar. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya yi mata wuya. Radiyya, 'yarta ɗaya da ta rage, mai aure a Auyo, ta zo ta tafi da ita jinya. Ko ƙurar motarsu ba ta kwanta ba magina suka dawo. 'Yar'azumi ta je wa mai unguwa, ya ce a yi haƙuri zai duba. Ta je wa mazan lungun, kowa ya ce ai mutumin yana da takarda. Tana ji tana gani bulo ya hau kan bulo, katanga ta tashi ta fi tsayin mutum, aka shafe ta da sumunti. Ba abin da ta iya sai tsaki, kuma abin ya ci mata rai ƙwarai.

Da Ya Kolo ta ga jikin ba na tashi ba ne, ta kafe sai an mayar da ita ɗakinta. A bakin lungu aka sauke ta. Ta tako a hankali, Radiyya na riƙe da ita ta baya domin wurin ya matse. Da ta zo kwanar ta tsaya, ta buɗe hannuwa, tafinta na dama ya taɓa sabuwar katanga, na hagu ya taɓa tsohuwa. Ta sauke hannuwan, ta wuce.

Kwanakin da suka biyo baya 'Yar'azumi ta fi zama a ɗakin tsohuwar fiye da nata. Tana dama mata fura mai ruwa-ruwa, tana matsa mata ƙafa. Ɗakin har yanzu yana ƙamshin bandar kifi, sana'ar da Ya Kolo ta yi shekara da shekaru kafin ƙarfi ya ƙare. Ta taga kuma hayaniyar masu aikin bene ke shigowa, da rediyonsu da ba ya gajiya. Wata rana da hantsi, Radiyya ta fita wanki, tsohuwar ta kamo wuyan hannun maƙwabciyarta, da ƙarfin da ba a zata tana da shi ba.

"'Yar'azumi, maza za su ce sauri ake. Kada ki bari a naɗe ni a tabarma a fitar da ni kamar banda za a kai kasuwa."

"Ba za a yi ba, Iya."

"Ki ce kin ɗauka."

"Na ɗauka."

Ba ta san yadda za ta cika ba, ta dai faɗa. Bayan 'yan kwanaki, da safe, ta shigo da ƙwaryar fura ta tarar Radiyya na kuka a bakin gado. Ya Kolo ta cika bayan asuba, da kalmar shahada a bakinta. 'Yar'azumi ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta yi salati. Tun tana amarya a lungun nan matar nan ce uwarta.

Mata suka yi wanka, aka sa likkafani. Matasa suka ɗauko makara daga masallaci, da suka zo kwanar suka tsayar da ita a tsaye suka shigo da ita, ba wanda ya tsaya tunanin fita. Aka ɗora gawa, aka rufa, maza huɗu suka saɓa. Daga cikin gida 'Yar'azumi ta ji takunsu ya yi nisa, sannan ta ji ƙarar itace ya daki sumunti. Aka ja baya, aka sake gwadawa, aka karkata har wani ya ce a yi hattara za ta zame. Makara ta ƙi shan kwana.

Ta laɓe a zaure tana jin shawararsu. Liman Inuwa ya ce gaggauta gawa shi ne ya fi, a sauke ta a kan tabarma, mutum biyu su fitar da ita, a mayar kan makara a waje. Ari dillali, wanda ya zo jana'iza da farar riga, ya ce ai ba komai ba ne, Alhaji ma ya ba da motarsa. Aka aiko a tambayi Radiyya, ta gyaɗa kai cikin kuka. Har wani ya shigo neman tabarma.

'Yar'azumi ta shiga gidanta, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta ɗauko taɓaryar da take dakan fura da ita. Ta raɓa ta gefen makarar ta tsaya a gaban sabuwar katanga.

"'Yar'azumi, koma ciki," in ji liman. "Nan ba wurin mata ba ne."

"Allah gafarta Malam, zan koma. Bari in buɗe wa Iya hanya tukuna."

Dukan farko ya dawo mata har kafaɗa, sumunti kawai ya ɗan ɓantare. Ta gyara tsayuwa ta sake. A na uku bulo ya tsage, ya zubar da yashi, domin maginan Alhaji sun yi rowar sumunti. Maza suka yi cirko-cirko. Sai ga Mairam matar wanzami ta fito da tata taɓaryar, sai ga wata, sai ga wata. Ba wanda ya shirya musu, hannu ne ya san aikinsa, kafin a ankara sun shiga lugude, wannan ta ɗaga waccan ta sauke. Liman ya sunkuyar da kai ya duƙufa kan carbinsa, bai sake cewa kowa ta koma ciki ba. Masu ɗauke da makara suka ja da baya don ƙura, amma ba su sauke ta ba.

Ari ya buga waya. Alhaji Mukhtar, da ma yana bakin titi cikin masu jiran salla, ya shigo ta cikin gininsa, ya tarar kusurwar katangarsa a ƙasa. Ransa ya ɓaci matuƙa. Ya ce wannan ɓarna ce, yana da shaidu, kuma sai hukuma ta raba su.

"Ka kai ni, Alhaji," in ji 'Yar'azumi tana haki. "Gidana ne na ƙarshen lungu. Yanzu ai hanya ta buɗe, ba za su sha wuyar shigowa ba."

Liman ya ɗaga kai ya ce a tafi. Alhaji yana tsaye a tsakiyar giɓin, makara ta nufo shi, dole ya ja da baya ya taka ɓaraguzan bulonsa. Ya Kolo ta sha kwanar a kwance a miƙe, ba ta gogi komai ba. Mata suka tsaya da taɓare a hannu har bayan na ƙarshe ya ɓace, sannan kuka ya ƙwace wa 'Yar'azumi.

Da la'asar, masu gaisuwa na shiga suna fita, amalanke ya sauke sababbin bulo a bakin lungu, birkila na biye da igiyarsa. 'Yar'azumi ta share ɓaraguzan ta tara gefe. Tafin hannunta ya yi bororo, bakin taɓaryar ya tsage. Ta shiga ɗakin marigayiyar, inda ƙwaryar furar safe ke nan a rufe da faifai, ta ɗauko kujerar 'yar tsugunno. Ta dasa ta a tsakiyar kwanar, ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta gitta taɓaryar a cinya.