Gwajin Ustaz Fikri

"Yara, a zauna! Ke ta baya, na ce a zauna!"

Hajiya Ihsan ta buɗe ido. Ƙarar jan kujera ta sake ratso silin ɗakinta, daidai saitin kanta. Bayan azahar ne, lokacin da duk mai hankali a garin Dumyaɗ na ƙasar Masar yake kwance, har kafintocin layin sun kashe injinansu. Ta zura silifa, ta yafa mayafi, ta hau bene tana dafa gwiwa tana tsaki.

Ƙofar a buɗe take. Maƙwabcinta na sama, Ustaz Fikri, yana tsaye a tsakiyar falo da alli a hannu. Ya jera kujeru a gabansa, ba kowa a kansu sai kyanwa.

"Su wa kake yi wa tsawa?"

"'Yan aji biyar ne, Hajiya."

"To ka gaya wa 'yan aji biyar akwai tsohuwa a ƙasansu, kuma kanta yana ciwo. Haba Fikri! Da furfurarka kana faɗa da kujeru?"

Ya haura hamsin. Tun yana saurayi ya yi digirinsa na zane, amma a shagon katako ya ƙarar da ƙuruciyarsa, yana zana furanni a jikin gadajen amare yana shafa musu ruwan zinare. Da kasuwar ta mutu sai ya samu wata 'yar makarantar kuɗi a bayan tasha, yana koyar da zane. Bara mai makarantar ya ce duk malamin da ba shi da takardar shaidar koyarwa ya nemi wani wuri. Abin da ya mayar da shi jami'a ke nan, yana difloma cikin yara sa'o'in 'yarsa Shaima, wadda take aure a Bur Sa'id. Matarsa ta daɗe da rasuwa.

"Malamarmu Dakta Rihab ta kayar da ni a gwajin koyarwa," ya ce, ya zauna a ɗaya daga cikin kujerun. "Wai na karɓe fensir a hannun yarinya na gyara mata zane."

"Ka karɓa?"

"Doki ta zana, Hajiya, da ƙafafu irin na tebur! In tsaya ina kallo? Dakta ta ce ranar Laraba za ta dawo. In na sake taɓa aikin yaro, sai baɗi."

Hajiya Ihsan ta daina sauraro. Ƙafarsa take kallo, yadda ta kumbura ta cika silifa, da yadda yake tsayawa a tsakiyar magana ya ja numfashi. Rabin rayuwarta ta yi tana nas a ɗakin masu ciwon ƙirji. Ta cafko wuyan hannunsa ba tare da neman izini ba.

"Tun yaushe ƙafarka take haka?"

"Tsayuwa ce."

"Tsayuwa ce take sa ka haki kamar ka hawo da buhun shinkafa? Gobe za ka ga likitan zuciya."

"Bayan Laraba."

"Gobe na ce."

"Kin fi ni sanin halinsu. Suna ganina za su ba ni gado. In Laraba ta wuce ina kwance, shekara ta tafi, aikin ma ya tafi. A wannan shekarun wa zai ɗauke ni?"

Ta yi faɗa har muryarta ta dishe. Ta lissafo masa mutanen da ta rufe wa ido da hannunta, duk masu cewa sai bayan kaza. Ya saurara da ladabi, yana gyaɗa kai kamar wanda ake ba labarin wani. Da ta sauko ta kira Shaima a waya. Shaima ta kira ubanta, uban ya yi mata dariya ya ce Hajiya ce dai da rigimarta, yarinyar kuma ta yarda. Washegari ya wuce ƙofar Hajiya ko gaisuwa babu. Kashegari kuwa sai ga shi da farantin alewar mushabbak, yana murmushi.

"Na yarda. Ina fitowa daga aji ranar Laraba, ki kai ni duk inda kike so. Amma ina neman ɗalibai masu numfashi. Kujeru ba sa zana komai, balle in koyi ƙyale su."

"Ni ce ɗalibar?"

"Ke da Baba Girgis."

Ta yarda ne kawai don ta riƙa ganin ƙafar nan kullum.

Haka aka buɗe aji a kan rufin gidan bayan la'asar, tsakanin igiyoyin shanya da akurkin agwagin wata maƙwabciya. Baba Girgis mai guga, wanda shagonsa yake ƙasan benen, ya hawo da tabarau a kan hanci, ya ɗauki abin da muhimmanci har yana ɗaga hannu kafin ya yi magana.

"Kowa ya zana abin da ya ci jiya," in ji Ustaz Fikri. Ya mayar da hannuwansa baya ya sarƙe yatsu.

Hajiya ta zana kifi. Baba Girgis ya leƙo.

"Hajiya, takalmi kika ci jiya?"

"Kai dai ka ji da naka. Wannan wake ne ko kashin akuya?"

Ustaz Fikri ya tsaya a bayanta. Tana jin numfashinsa, tana jin yadda yake mutsu-mutsu. Can sai ga hannu ya zuro ta gefen kafaɗarta, a hankali, yana nufar fensir. Ta kai masa duka da rula.

"Jelar kawai, Hajiya. Wallahi jelar kawai."

"Sai baɗi!" in ji Baba Girgis da muryar mata.

Ustaz ya mayar da hannun, ya rufe ido, ya yi ta motsa leɓe yana tuno abin da aka koya masa a jami'a. Sannan ya ce, "To... ba ni labarin kifin nan. Daga ina ya zo?"

"Daga wurin ɓarawon nan na bakin kasuwa, daga ina kuwa?"

"Me ya sa kika yi masa baki a buɗe?"

Ta dubi takardar. Ba ta san ta yi hakan ba. Sai ta ji kanta tana ba da labarin marigayi mijinta, yadda yake tafiya kamun kifi Ras al-Barr kowace Juma'a ya dawo da guda ɗaya tak, ƙanƙane, ya ajiye mata a tebur bakinsa a hangame, ya ce ko kifin ma mamakin kyanta yake yi. Tana magana tana ƙara ƙaya a bayan kifin. Da ta ɗago, ta tarar dukansu biyun suna kallonta.

"Me kuke kallo? Kai kuma Fikri zauna, leɓenka ya yi baƙi. Ka ci cukun gishirin nan da na hana ka, ko?"

"Ɗan kaɗan."

"Allah ya isa tsakanina da kai, Fikri."

Ranar Laraba Baba Girgis ya goge masa farar riga har tana ɗaukar ido. Hajiya ta shirya tun hantsi, jaka a cinya, ta zauna a bakin taga. Aka kira azahar, aka idar, shiru. Ta tashi ta zauna, ta zage shi, ta zagi jami'ar, ta zagi Dakta Rihab da ba ta taɓa gani ba. Sai ta ji takunsa a matakala, yana hawa yana tsayawa. Ta buɗe ƙofa.

Ya zube a matakalar da ke gaban ƙofarta, ya jingina da bango. Hannuwansa biyu shuɗi ne shar har wuyan hannu, gaban rigar ma ya samu rabonsa.

"Ka taɓa!" ta ce. "Wallahi na san za ka taɓa."

"Ban taɓa ba." Yana dariya yana haki. "Teku na ce su zana. Wata 'yar firit, Basma, ta ture kwalbar launi a kan takardarta. Kwalbar kawai na tare. Ta fashe da kuka, Dakta tana zaune a baya tana kallona. Hajiya, da layi biyu zan mayar da ɓarnar nan jirgin ruwa. Layi biyu! Na durƙusa na ce mata, Basma, me ke ƙarƙashin ruwan nan? Can ta sa yatsa ta fara ja. Wai gidan kakarta ne, ruwa ya ci shi, amma kakar tana ciki tana soya dankali."

"Dakta fa?"

"Ta ce, 'Sai ka zo karɓar takardarka, Ustaz.'"

"Madalla. Tashi, mu tafi."

"Ba ni ruwa tukuna."

"Ruwa! Kwana nawa ina binka, yanzu kuma ruwa." Ta shiga kicin tana ci gaba daga can. "In suka kwantar da kai, kada ka sa rai zan riƙa kawo maka abinci. Na yi ritaya. Kyanwarka ma ka nemi mai ba ta, ni ba na son gashi. Kana jina?"

Bai amsa ba.

Ta fito da kofi ta same shi kansa ya karkata jikin bango, hannuwan a buɗe a kan gwiwa. Ba ta san inda ta ajiye kofin ba. Ta janyo shi ta kwantar, ta ƙwala wa Baba Girgis kira ya nemo motar asibiti, ta ɗora hannuwanta a ƙirjinsa ta fara dannawa.

"Ba haka muka yi da kai ba. Fikri! Ka ce duk inda nake so. Tashi, maƙaryaci!"

Motar ta maƙale a bakin layi, inda kafintoci suka jibge kujerun da ba a gama ba. Mutane suka fito suna ta kwasa suna jefawa cikin shaguna. Kafin masu motar su hawo, Hajiya ta riga ta daina. Tana zaune a ƙasa, mayafinta ya zame. Baba Girgis ya cire tabarau ya tsaya a matakalar ƙasa, yana addu'a irin tasu ta Kiristoci ƙasa-ƙasa.

Shaima ta iso kafin la'asar. Ta faɗa jikin Hajiya tana cewa, "Kin gaya min, Inna, kin gaya min." Hajiya ta ce mata ta yi shiru, ba ita kaɗai ya mayar sakarya ba.

Mai wankan gawa na masallacin layin ya shiga ɗakin marigayin da mutum biyu, mata suka zauna a falo. Bayan wani lokaci ya buɗe ƙofar kaɗan, ya yi gyaran murya.

"Hajiya, shuɗin hannun ya ƙi fita. Mun sa sabulu har sau nawa."

"Ko a nan ma sai ya ba mutane wahala," ta ce.

Ta sauka kicin ɗinta, ta yanka lemon tsami biyu, ta hawo da su a kan ɗan faranti ta miƙa ta bakin ƙofa. Ta tsaya a wurin, ba ta koma cikin mata ba. Tana jin ƙarar ruwa yana zuba a baho. Da aka jima aka miƙo mata farantin. Ɓawon lemon a matse, cikinsa ya rine shuɗi. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta rasa inda za ta ajiye.