Dish ɗin Wakili a Ranar Arfa

Shekarar da Rekiya ta tafi aikin Hajji, wato dubu biyu da ɗaya, babbar Sallah ta faɗo ne a farkon watan Maris, zafi ya fara kankama a Lafiya. Mijinta Wakili bai bi ta ba, shi ya riga ya sauke farali tun yana aiki a Jos. Ya zauna a gidansu na Bukan Sidi tare da 'yarsu Munira, wadda ke koyarwa a firamare, da surukarsa Inna Juwairiya, wadda aka ɗauko daga Obi don ta zauna da su har 'yarta ta dawo.

Wakili malamin gona ne mai ritaya. Da aka ƙirƙiro jihar Nasarawa aka maido shi gida, cikin duk kayan da ya kwaso daga Jos babu abin da yake ji da shi kamar dish ɗinsa. Ƙato ne na raga, faɗinsa ƙafa goma, an ɗora shi kan wani kakkauran bututun ƙarfe a tsakar gida. A bayansa akwai dogon hannu mai ƙaramin inji, wanda masu gyara ke kira jak. In ka danna lamba a falo, sai jak ɗin ya miƙe ko ya tsuke, dish ya juya a hankali yana gurnani har ya fuskanci tauraron da ake so. Lamba ɗaya labaran Turawa, biyu wata tashar Faransanci da yake kallo don ƙwallo, huɗu kuwa tashar Saudiyya.

Tun ranar da Inna Juwairiya ta sauka ta gaya masa buƙatarta. An ce mata a akwatinsa ana ganin Makka ƙiri-ƙiri, to ita ba ta son komai sai ta ga filin Arfa ranar da 'yarta take tsaye a ciki. Wakili ya russuna ya ce mata wannan ai abu ne mai sauƙi, ta sa a ranta kamar ta gani. Kafin kwana biyu tsohuwa ta baza labari, matan maƙwabta uku suka ce su ma a ajiye musu wuri a kan tabarma.

Saura kwana uku Arfa, bayan la'asar, ya danna huɗu don ya gwada. Dish ya yi gurnaninsa ya tsaya, amma babu komai a talabijin sai tsaki-tsaki da shuuu. Bai damu ba. Ya riƙa matsa shi gabas kaɗan-kaɗan da maɓallin akwatin da ke juya dish ɗin, har masallacin Harami ya fito tar, sai ya adana wurin a lamba huɗu. Ya koma ɗaya ya ji labarai, nan ma sai da ya lalubo. Da ya dawo huɗu, Makka ta sake ɓacewa.

Washegari abin ya ƙaru. Ya danna huɗu ya sami wasu Indiyawa suna tallar sabulu, ya danna biyu ya sami duhu. Duk tashar da ya kamo ya adana, da ya je wata ya dawo sai ya tarar ta gusa. Ya zargi yawan ɗauke wuta, ya tayar da janareta, ba ta canja ba. Ya sauya batirin rimot. Ya tsaya a tsakar gida ya daɗe yana kallon bututun ko ya karkata, ragon layyarsa da ya ɗaure a jikin bututun tun makon jiya yana shinshinar wandonsa. Har Munira ya tambaya ko ta taɓa wani abu wajen goge-goge. Ta ce ita ko ƙurar akwatin ba ta sharewa, don ta san halin babanta da shi.

Abin da ya fi damunsa shi ne Inna ba ta yi ƙorafi ba. Takan leƙo falo da carbinta, ta dubi tsaki-tsakin, ta dube shi, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma ɗaki.

Ana gobe Arfa ya haƙura da kansa, ya hau mashin zuwa hanyar Makurdi wajen Terver. Terver ɗan Tibi ne, mutum mai kimanin shekara arba'in, shi ya kafa masa dish ɗin lokacin da ya dawo daga Jos. Wakili ya tarar da shagon a kulle, mai sayar da lemo a gefe ta ce ya tafi aiki Doma tun safe. Wakili ya zauna a benci har rana ta yi sanyi kafin mutumin ya iso, jakar kayan aiki a bayan mashin. Terver ya saurari bayanin duka bai katse shi ba, sannan ya tambayi ƙarfe nawa za a fara abin. Wakili ya ce huɗuba wajen goma na safe agogonmu.

"Baba Wakili, je ka gida," in ji Terver. "Bakwai ina ƙofarka. Amma don Allah kar ka sake taɓa shi yau."

Bakwai da 'yan mintoci kuwa ya yi sallama. Duk gidan suna azumin Arfa, amma Munira ta riga ta dama masa kunun gyaɗa ta soya ƙosai. Ya ce ba zai ci a gaban masu azumi ba, Wakili ya ce in bai ci ba to ba zai taɓa masa dish ba. Ya sha kunun a tsaye, ya cusa ƙosai biyu a baki, ya shiga falo.

Bai ko kalli talabijin ba. Akwatin juyawa ya tsura wa ido, inda wasu jajayen lambobi ke hawa ko sauka idan dish na tafiya. Ya ce Wakili ya danna maɓallin yamma ya riƙe. Lambobin suka fara hawa ɗaya bayan ɗaya, sai suka tsaya cak na ɗan lokaci alhali ana jin gurnanin jak a waje, sannan suka ci gaba. Terver ya sa aka maimaita sau biyu. Ya gyaɗa kai, ya bayyana wa Wakili da irin Hausarsa ta kasuwa cewa akwatin nan ba shi da ido, bai san inda tauraro yake ba. Ƙirga kawai yake yi. Duk juyin da injin jak ya yi, yana aiko masa da saƙo ta wata siririyar waya, shi kuma ya ƙirga, in ya kai adadin da aka adana ya tsaya. In saƙon yana yankewa a hanya, dish zai wuce wurinsa akwati bai sani ba, kuma kowace tafiya kuskuren ƙaruwa yake.

Suka fita waje. Ya ce a matsar da ragon, Wakili ya kwance shi ya riƙe igiyar. Terver ya fara da rataya zare mai noti a jikin bututun, ya ga a miƙe yake. Ya taka kujera ya gwada notocin da suka riƙe jak, babu wanda ya saki. Ya kwance murfin injin yana tsammanin ruwa ko gidan zanzaro, ya tarar da ciki fes. Ya tsaya yana sosa ƙeya. Takwas ta wuce, an fara jin muryoyin mata a ɗakin Inna.

Daga nan ya kama wayar tun daga bakin injin, ya riƙa bin ta da yatsu yana saukowa a jikin bututun. Daidai tsayin gwiwa, ta bayan da ba a gani, ya tsaya. Ya tsuguna ya juyo da ita. Baƙar robar ta tauye wuri uku, manyan wayoyi biyu na wuta suna nan lafiya, amma ɗaya daga cikin siraran ta rage a maƙale da silin tagulla biyu kacal. Idan dish ya motsa sai wayar ta ja, silin su rabu su sake haɗuwa.

Terver ya dubi wayar, ya dubi ragon da ke tuƙa a hannun Wakili. Wakili ma ya duba. Shi da hannunsa ya ɗaure dabbar a nan ranar da aka kawo ta daga Adogi, saboda babu turke mai ƙarfi kamar bututun, har Munira ta ce a kai shi bayan kicin ya ce a'a, nan ya fi son ya riƙa ganinsa.

"Wa ya ɗaure shi a nan, Baba?" Terver ya tambaya yana fere waya, kansa a ƙasa.

"Yi aikinka, Terver."

Munira na bakin kicin, ta juya baya kafaɗunta na rawa. Wakili ya ja ragon ya kai shi bayan kicin ɗin, can shi ma dariya ta kama shi, ya tsaya ya gama abarsa kafin ya dawo.

Haɗa wayar bai ɗauki minti goma ba. Terver ya yanke wurin da ya lalace, ya murɗe sabuwa, ya naɗe da tef, ya zura ta cikin guntun tiyo ya ɗaure a jikin ƙarfen. Sauran aikin ne mai cin lokaci. Ya kora dish ɗin gabas har ƙarshen iyakarsa, ya maida ƙirgar akwati sifili, sannan ya ce yanzu sai a nemo kowane tauraro daga farko, tunda duk abin da Baba ya adana a kwanakin nan ya hau kan na asali ya goge shi. Wannan kuwa in ba a yi sa'a ba sai ya kai su azahar.

Wakili ya ce ya dakata. Ya shiga ɗaki ya buɗe akwatin takardunsa, ya fito da wani tsohon littafin aikin gona. A bangon ƙarshe, ƙasan jadawalin zuba taki, ya rubuta lambar kowace tasha tun ranar da Terver ya kafa dish ɗin shekara huɗu da suka wuce. Terver ya karɓa ya duba, ya ce shi bai ma tuna ya faɗi waɗannan lambobi ba. Wakili ya ce bai faɗa ba, shi ne ya tsaya a bayansa yana kwafa.

Suka kora dish zuwa lambar da ke gaban Saudiyya. Tsaki-tsakin ya fara rabewa, wata murya ta taso daga cikin shuuu ɗin tana talbiyya. Terver ya ƙara taku biyu yamma, ya dawo ɗaya, sai ga hoto ya zauna. Ya adana, ya tura dish ɗin can tashar Faransanci, ya sake danna huɗu. Suka saurari gurnanin jak ta taga har ya tsaya. Hoton ya dawo daidai inda aka bar shi. Agogon bango ya nuna tara da rabi da 'yan kai.

Aka shimfiɗa tabarmi, Inna Juwairiya ta zauna gaba, matan unguwa a bayanta, sun zama bakwai maimakon uku. Terver ya tattara kayansa zai tafi, Wakili ya ce ya zauna ya ga abin da ya gyara. Ya ɗosana a hannun kujera kusa da ƙofa. Fili ne fari fat da mutane iya ganin ido, ga tantuna, ga lemomi, ga dutsen da jama'a suka lulluɓe har ba a ganin jikinsa. Terver ya tambaya a hankali ko duk waɗannan a wuri ɗaya za su kwana, Wakili ya ce a'a, rana na faɗuwa za su tashi gaba ɗaya. Terver ya girgiza kai ya ce lallai masu motocin can suna da aiki.

Ana cikin huɗuba aka nuno wasu mata baƙaƙe suna tafe a jere, ɗaya riƙe da koriyar lema. Ko daƙiƙa uku ba su yi a allon ba. Inna ta miƙa hannu.

"Ga Rekiya can. Mai koriyar lema. Tafiyarta ce."

Wakili ya buɗe baki, ya tuna mutum wajen miliyan biyu ne a filin nan, ya rufe. Matan suka ce ƙwarai sun ga kama. Tsohuwa ta share ido da gefen mayafi, ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai tsawo, ta sa da 'yarta, da surukinta, da wannan bawan Allah da ya gyara akwati. Terver ya ce amin tare da kowa. Da zai tafi Wakili ya raka shi har bakin mashin, ya ce gobe da yamma ya turo a karɓar wa iyalinsa nama, ko ya zo da kansa. Terver ya ce da kansa zai zo, yana da magana da ragon nan.

Bayan mako uku Rekiya ta dawo, ta rame kaɗan, muryarta a dishe. Tana zama, kafin ta gama shan ruwa, uwarta ta shaida mata cewa ta gan ta a Arfa da koriyar lema. Rekiya ta dubi Wakili, ta dubi Munira, sannan ta ce, "Ashe kun gan ni, Inna."

Sai da rana ta yi sanyi, baƙi sun ragu, suna zaune su biyu a tsakar gida tana rarraba dabino da bagaruwa a ƙananan ledoji, ta gaya masa cewa ranar Arfa mura ce ta kwantar da ita, ko ƙofar tanti ba ta leƙa ba sai da aka zo tashi. Lema kuwa ba ta taɓa riƙewa ba a duk tafiyar. Wakili ya ce to wannan ya tsaya tsakaninsu. Ta ce da ma wa za ta gaya wa, ta miƙo masa leda ta ce ya ƙulla, na gidan Terver ne.