Zaren Bazara Ɗaya

Ɗakin gilashin yana saman gidan, hawa na shida, a wata unguwa ta Giza. Rufinsa gilashi ne, bangonsa uku ma gilashi, a ciki akwai tukwanen shuke-shuke da kujera mai jingina guda ɗaya. Nata'ala ya auna shi tun ranar Asabar, ya ɗinka farin yadi falle shida a shagonsa na Madinat Nasr. Saura abin da zai riƙe yadin a ƙarƙashin rufin.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya baro Yawuri ya zo Alƙahira karatu. Karatun ya tsaya a hanya, keken ɗinki ya ci gaba, har Misirawa suka san shi da aikin labule.

Da safe ya biya ta Wustul Balad, tsakiyar birnin, ya sayo naɗi biyu, ya ajiye su a kan teburin kicin gaban Madam Widad, matar gidan. Ɗaya siririyar wayar ƙarfe ce. Ɗayan zaren fatsa ne na nailan, wanda sai an karkata kai ake ganinsa.

"Wannan nake so," in ji ta, ta ɗora yatsa a kan zaren.

"Madam, wannan a ruwa yake da ƙarfi. Mahaifina masunci ne, bai taɓa barin irinsa ya wuni a rana ba. A ƙarƙashin gilashi zai yi ta saki, ya bushe, wata rana ya tsinke. Ga ƙura tana ƙara wa yadi nauyi."

"Wayar fa?"

"Shekara goma ba abin da zai same ta. Amma sai na huda ƙarfen rufin. Kwana biyu ana jin ƙarar huda, kuma za a riƙa ganinta."

"Zaren zai kai yaushe, ya usɗa?" in ji ta, da sunan da Misirawa ke kiran gwanin sana'a.

"Bazara ɗaya. In an yi sa'a, da 'yan watanni a kai."

Ta miƙe ta tura ƙofar kicin, ta dawo ta zauna.

"Ya isa," ta ce. "Likita ya ba mijina wata huɗu. Ciwon daji ne, ya kai hanta. Shi bai sani ba, a zatonsa maganin yana aiki. Maganin ne ya sa fatarsa ba ta jure rana, shi kuma ba ya zama ko'ina sai ɗakin nan, don shi ya zana shi da hannunsa. Ba na son ƙara a kansa kwana biyu, ba na son ya ɗaga kai ya ga waya kamar keji. Ka rataya yau. Kuma abin da na faɗa maka ya tsaya a kicin ɗin nan."

Nata'ala ya ce Allah ya ba shi lafiya.

Ya hau tsani da zaren a aljihu. Aikin ba wuya, ƙullin da ya iya tun yana ƙarami ne, a jikin ƙarafunan da ke riƙe da gilashin. Yana ta tambayar kansa ko wanda ya ɗaura abu don ya kai iyakar kwanan mutum ya sa hannu a lissafin kwanan. Mai ƙayyade ajali ɗaya ne, likita hasashe ya yi. In mutumin ya wuce wata huɗu fa, ya kai shekara, yadin ya faɗo masa a ka? In kuma bai wuce ba, ke nan zaren ya yi daidai, kuma wannan daidai ɗin ne Nata'ala ya fi ƙi.

Ya gama falle uku sai ya ji takun sanda. Injiniya Fadl ne, mijin Madam Widad, dogon tsoho da rigar barci ta yi masa yawa. Ya zauna a kujerar a hankali, ya ɗaga kai yana kallon yadin da ke lilo a sama kamar ba abin da ke riƙe da shi.

"Kai ne ɗan Nijeriyar da ke rufe mini sama?"

"Ni ne, ya basha. Ma'alish," in ji Nata'ala, wato ranka ya daɗe, a yi haƙuri.

"Ka iya ɗinki, ba laifi. Me ka rataya shi da shi? Ba na ganin komai."

"Zare ne."

"Miƙo mini."

Nata'ala ya sauko ya miƙa masa naɗin. Tsohon ya warware kamu ɗaya, ya naɗe a yatsu biyu ya ja. Ya kai shi kusa da ido. Shekara arba'in ya yi yana gina gadoji, Madam Widad ta faɗa ranar awo.

"Nailan," ya ce. "A ƙarƙashin gilashi, a ranar Alƙahira. Wannan ba zai ga bazara ta biyu ba." Ya murza zaren a yatsunsa. "Widad ba ta sayen abu mai ƙarewa. Firijinmu ya girmi 'yarmu. Wa ya zaɓi wannan, kai ko ita?"

Daga ƙasa ana jin motsin kwanuka a kicin. In Nata'ala ya ce ita ce, ya gaya wa mutumin kwanansa, da bakin da ba shi da hurumin faɗa. In ya ce shi ne, ya yi ƙarya ga mara lafiya a kan abin da ya fi kowa haƙƙin sani. Ya nemi wata magana a tsakani, irin wadda malamansu ke cewa ba ƙarya ba ce ba kuma tonon asiri ba. Bai samu ba.

"Ni ne," ya ce. "Na ga ya fi kyau a ido."

Injiniya Fadl ya dube shi, ya daɗe yana dubansa.

"To kai tela ne, ba usɗa ba," ya ce. "Kwance shi. Gobe ka zo da waya da abin huda ƙarfe, ni zan nuna maka inda za ka huda."

"Tamam, shi ke nan, ya basha."

Madam Widad ta shigo da shayi a faranti. Mijin ya gaya mata ɗan Nijeriyar nan ya so ya cuce su da zaren kama kifi, amma ya kama shi. Ta dubi Nata'ala, Nata'ala ya dubi ƙafar tsani. Ta ce wa mijin ƙarar za ta dame shi. Ya ce ƙarar aiki ba ta taɓa damunsa ba. Ta ajiye farantin ta koma ɗauko maganinsa.

Nata'ala ya hau tsani ya fara yanke ƙullin. Falle na farko ya sauko, rana ta faɗo a kan gwiwoyin tsohon, bai janye su ba.

"Ya usɗa," ya kira, murya ƙasa-ƙasa.

"Na'am."

"Kada ka gaya mata na tambayi wanda ya zaɓa."